Za'atar ɗin Maiturare

"Riƙe robar da kyau, Malama, tana karkacewa."

Murjanatu ce ta faɗa mini haka, ba ta ko ɗago kai ba. Tana durƙushe a tsakar gidan maƙwabciyarmu Maiturare, ta ɗora ƙafar tsohuwar a cinyarta, tana tsoma auduga cikin wani ruwa mai ɗumi mai launin shayi, tana goge gyambon da ke ƙasan babban yatsa. Ƙamshin ganyen da aka tafasa a ruwan ya cika gidan, amma bai danne warin ciwon ba.

"A hankali, Murja. Ƙafa ce, ba gindin tukunya ba," in ji Maiturare.

"Yi haƙuri, Inna, saura kaɗan."

Na gyara riƙon robar. Ni na haifi Murjanatu. Ita ce 'yar farina, kuma a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ce, haka na tarar. Sai dai in ce "ke", ko "yarinyar nan". Ko da na koyar da ajinsu a firamare, in na zo kanta wajen kiran suna, sai in ɗaga kai in dube ta, in wuce na gaba. Ta taso tana jin yara suna ce mini Malama, ita ma ta ɗauka. Inna kuwa tana bayan katanga.

Sunan Maiturare na yanka Kubura, sana'ar turaren wuta da humra ce ta cinye shi. Mijinta mai fatauci ne ta Mai'adua zuwa Damagaram da Agadas, ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Akwai 'yar ƙofa a jikin katangar da ta raba mu. Ranar da aka yaye yarinyar, Maiturare ce ta goya ta, ta bi da ita ta ƙofar nan. An ce sai ta manta da nono a dawo da ita. Ni dai ban ga ranar da aka gama yayen ba.

Ganyen nan mijin ne ya kawo mata irinsa daga wata tafiya. Ya ce a duwatsun arewa da kansa yake fitowa, Larabawa suna ce masa za'atar. Ɗan'uwan tayim ne da muke sawa a miya, sai dai ya fi shi ƙarfi a hanci. Ta shuka shi a fasasshiyar randa ƙarƙashin darbejiya, tana lallaɓa shi kamar jariri, da bazara har jiƙaƙƙen buhu take rataya masa. Mai ciwon maƙogwaro, mai ƙurji, wanda wuƙa ta yanka, duk sai ta tafasa ta ba su.

Da Murjanatu ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, inda take karatun ƙwayoyin cuta, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Na ba ta shawara ta auna ruwan rijiyoyin unguwarmu. Ta ce za ta duba. Washegari na ga tana shanya ganyen Maiturare a kan tabarma.

Ranar da ta dawo hutu na yi mata dambun zogale tun hantsi. Na ji tsayuwar babur a waje, na ji sallamarta, amma a gidan maƙwabta. Dambun ya huce. Da dariyarsu ta ishe ni, na yafa mayafi na shiga da cewa aron rariya na zo.

Waya take nuna wa Maiturare. A hoton akwai wani faranti na gilashi, ƙwayoyin cuta sun rufe shi fari fat kamar funfuna a kan tuwo. A tsakiya an ajiye 'yar takarda da aka ɗiga wa ruwan ganyen, kewayenta kuwa fili ne tas, kamar an sa tsintsiya.

"Nan ɗin da kike gani babu komai, Inna, nan ne suka kasa tsirowa. Ruwan ya hana su. Malaminmu har sau biyu ya sa na maimaita."

Maiturare ta karɓi wayar ta miƙo mini. "To, Malama, ke da kike cewa ganyen miya nake bauta wa. Yau jami'a ta yi shaida."

"Allah ya sa albarka," na ce. Na koma gida ba rariya.

A lokacin ƙafar ta riga ta fara. Garwashi ta taka daga kaskon turare, ba ta ji ba, saboda ciwon suga ya kashe mata jin tafin ƙafa. Sai da ta ga safa ta manne. Tun daga ranar hoton nan kuwa, duk wanda ya ce asibiti, sai ta ce a nuna masa waya.

A ranar nan da na riƙe robar, da muka gama wankin ƙafar, na zubar da ruwan a makwarara na koma gida. Ina tsince shinkafa sai ga Murjanatu ta shigo, ta zauna a bakin tabarmata. Ba ta saba ba.

"Malama, ki yi mata magana."

"Ni? Ke ce 'yar ɗakinta."

"Ta ƙi jin tawa. Na gaya mata abin da ya yi a faranti daban, ƙafa daban. A faranti ƙwayar tana fili, ruwan yana taɓa ta. Wannan ya shige ciki, ina jin har ƙashi, ga suga. Allura take bukata. Sai ta ce ni da bakina na ce yana kashe su." Ta share hawaye. "Da ban nuna mata hoton nan ba."

Na so in ɗora hannu a kanta. Na ci gaba da tsintar shinkafa. Amma ba zan ɓoye ba, a ƙasan tausayin akwai wani daɗi: yau gurina ta kawo kuka.

Bayan la'asar na sami Maiturare a kan kujerar tsuguno, tana kaɗa ƙudaje da mafici.

"Yaya Maiturare, gobe za mu asibiti."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Idan ƙafar nan ta kai ki ƙasa, yarinyar nan za ta rayu tana cewa hotonta ne ya kashe ki. Ba don ke na zo ba, don ita."

"Yarinyar nan," ta maimaita, tana kwaikwayon muryata. "Wace yarinya? Unguwar nan cike take da yara."

"Kin san wadda nake nufi."

"Ni na san sunanta. Ni na fi kowa kiransa a duniya." Sai ta ajiye maficin. "Ki ce wa mai Keke Napep ya zo da wuri, kafin rana ta yi zafi."

Likitan yaro ne mai ladabi. Ya buɗe ƙafar, ya rufe, ya fita da mu baranda. Ya ce cutar ta shiga jini. Za su sa mata allurai da ƙarin ruwa, in ta yi ƙarfi a kai ta Katsina a cire ƙafar. Murjanatu ta tambaye shi ko wankin da take yi ya ƙara ɓata abin. Ya ce a'a, saman ciwon ma a tsabtace yake, jinkirin ne. Ita dai kalmar jinkiri kawai ta ji.

Maiturare ba ta yi ƙarfin ba. Murjanatu ce take ba ta kunu a cokali, take juya ta, take goge mata baki. Ni nake kawo abinci daga gida, in ajiye, in zauna a benci. Wata mai jinya a gadon kusa ta dubi su biyun ta ce, "Hajiya, kin haifi 'ya ta gari." Maiturare ta ce, "Alhamdu lillahi." Ba wanda ya gyara mata. Na fita na daɗe ina wanke kofi ɗaya a famfo.

Ranar Alhamis ta ce a mai da ita ɗakinta, tana so ta ji ƙamshin gidanta. Likita bai hana ba. Da safiyar Juma'a ta aiki Murjanatu ta ba za'atar ɗin ruwa, ta yafito ni da hannu. Na sunkuya, ta kira ni da sunana na yanka.

"Hadijatu, kin daɗe kina jin haushina."

"Haba, Yaya."

"Ina jin yadda kike daka in tana gurina. Turmin ne yake faɗa mini." Ta yi murmushi, numfashinta yana sama-sama. "Ban sace ta ba. A ƙasa na gan ta, kowa yana jin kunyar ɗauka. Ki gaya mata ba hoto ba ne, ni ce mai taurin kai tun kafin a haife ta. Ki gaya mata da sunanta, in ba haka ba ba za ta ji ba."

Har a wannan halin sai da na ji zafin cewa ita ce take koya mini yadda zan yi da 'yata.

Ta cika kafin a tafi masallaci. Ni da wasu dattijai mata biyu muka yi mata wanka. Turaren da ta haɗa da hannunta aka sa wa likkafanin. Mata suka yi ta shigowa gaisuwa, kowace ta wuce ni, ta durƙusa gaban Murjanatu: "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Innarki."

Bayan sadakar uku dangin mijin suka kulle ɗakin. Da yamma ina zaune a tsakar gida sai na ji ana jan abu mai nauyi ta ƙofar katanga. Murjanatu ce, tana turo fasasshiyar randar da za'atar ɗin yake ciki. Ta tsaya da ita a tsakiyar gida, a rana, tana haki.

"Ban san inda zan sa shi ba, Malama. Ina jin ma in tuge shi."

Na tashi na kama ɗaya gefen. Muka ja ta zuwa inuwar rumfa, kusa da randar ruwana. Ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Na duba ƙofar gida, ba kowa. Na duba ƙofar katanga, ita ma ba kowa.

"Murjanatu."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ta ɗago kai, ta waiga wajen katanga tukuna, sannan ta dube ni.

"Ba hotonki ba ne. Ita ta ce in gaya miki."

Ta matso, ta kwantar da kanta a cinyata, ɗankwalinta ya zame. Kitson da ke kanta ya tsufa, na Maiturare ne, na san hannunta, ƙanana masu karkata hagu. Na sa yatsa zan fara tsefewa, sai na fasa. Na bar hannuna a kai. Ƙamshin ganyen yana tashi daga tafin hannunmu, ruwan da ta zuba wa randar ɗazu yana ɗiga ta tsagin, yana bin ƙasa a hankali zuwa ƙofar katanga.