Dogon Gilashin Ɗantala

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, Falalu mai hoto yana da ɗan shago a bakin titin Talata Mafara. Kyamara ɗaya gare shi, da gajeren gilashin gabanta wanda sai ya matso dab da mutum kafin fuska ta fito sosai. Da shi yake ɗaukar angwaye da masu neman aikin dam. Amma ransa yana wurin kokawa, kuma duk sanda ya je fage hotunan ba sa yin kyau, domin ba a barin kowa ya shiga tsakiyar fili.

Wata ranar kasuwa wani mutum ya yi sallama, suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya ce sunansa Ɗantala, direba ne ga wani Bature mai aikin dam. Ya kwance tawul, sai ga gilashin kyamara mai tsawon kamu guda.

"Maigidana ya koma ƙasarsu, ya bar min wanga. Ni ban san aikinai ba."

Falalu ya ɗaura shi a kyamararsa, gilashin ya zauna daram. Ya saita wani mai goro can ƙetaren titi, sai ga tsagen fuskarsa kamar yana cikin shagon. Ya tambayi kuɗinsa.

"Aro zan ba ka, Malam Falalu. Akwai kokawa Maradun mako mai zuwa, ka ɗauko min. Amma ka haɗa da dattawan nan masu zama gindin tsamiya kusa da fage."

Falalu ya karɓa, amma maganar ta tsaya masa a rai. Kowa ya san a gindin wannan tsamiya manoman da ruwa ya cinye gonakinsu suke shawara, kuma ana ta raɗe-raɗin akwai masu kai wa hukuma rahoto. Me mai son kokawa zai yi da fuskokin tsofaffi? Kuma wane Bature ne zai bar wa direba irin wannan kaya?

Da ya isa fage ya fito da gilashin, sai waɗanda ke kusa suka ja jiki. Ya ji wani yana cewa, "Irin abin da masu awo sunka zo da shi ne kahin a karɓe muna gonaki." Sai da Bube, ɗan kokawar Damri da ya daɗe da saninsa, ya ɗaga hannu ya gaishe shi, sannan aka rabu da shi.

Makaɗa suka ɗauki kiɗa, aka shiga. Daga bakin fage Falalu ya kama Bube daidai lokacin da ya ɗaga abokin karawarsa sama, har jijiyar wuyansa ta fito. Bai taɓa samun hoto irin wannan ba. Daga nan ya juya kyamarar wajen tsamiya. Dattawan suka cika masa ido ɗaya bayan ɗaya, suna magana ƙasa-ƙasa, babu wanda ya san ana kallonsa. Yatsansa yana kan maɓalli, ya daɗe a haka, sannan ya mayar da kyamarar kan 'yan kokawa.

Bayan ya wanke hotunan, Ɗantala ya zo ya duba su har ƙarshe, ya sake dubawa.

"Ina dattawan?"

"Fim ya ƙare," in ji Falalu.

Ɗantala ya zauna a kan benci. Ya ce mahaifinsa, Sallau, yana cikinsu. Tun da ruwa ya ci gonarsu shi kuma ya ƙi barin aikin dam, tsohon ya hana shi shiga gida. Fuskarsa kawai yake son gani.

Falalu ya dube shi da kyau. Muryar Ɗantala tana rawa, amma Falalu ya sha ganin masu rawar murya da gangan.

"In haka ne, ba a buƙatar wanga dogon. Sai in tahi da gajerena, in gaishe da Baba, in gaya mai wanda ya aiko ni. In ya yarda ya zauna, in ɗauke shi."

"Bari in yi shawara," in ji Ɗantala. Ya naɗe gilashinsa a tawul, ya kwashi hotunan kokawa, ya fita. Bai sake dawowa ba.

Abin ya ci gaba da cin Falalu. In gaskiya mutumin ya faɗa, to ya hana ɗa ganin ubansa. Da Bube ya zo karɓar nasa hoton, sai ya tambaye shi ko akwai wani Sallau cikin masu zama gindin tsamiya, mai ɗa direba.

Bube ya daina murmushi. "Wa ka son sani, kai ko wani?"

Falalu ya fara bayani, amma Bube ya sa hoton a aljihu ya ce yana sauri. Kokawar da ta biyo baya a Bakura, Falalu ya je da gajeren gilashinsa ya tsaya a bakin fage. Bube ya wuce ta gabansa bai ɗaga masa hannu ba.