Aski Kyauta, Babu Garanti

Injin aski ya kai tsakiyar kan Injiniya ke nan sai mai aski ya kashe injin.

"Wai da gaske kai ka rubuta manhajar nan ta ajiyar kuɗin kirifto?"

Injiniya ya gyara zama, har da ɗan kumbura. "Mu huɗu ne. Kyauta muka yi, don al'umma. Komai a buɗe yake, duk wanda ya ga kuskure yana iya gyarawa da kansa."

"Madalla. Ai ni ma ina cikin al'ummar. Shekara biyu ina tara kuɗin sayen kujerar aski ta biyu a ciki. Shekaranjiya na buɗe, wayam!"

Injiniya ya san inda ɓarakar take. Wata uku da suka wuce wani ya turo musu rahoto cewa akwai kafar da ɓarawo zai iya bi ya kwashe ajiyar mutane. Shi da hannunsa ya rufe rahoton, ko ƙarasa karantawa bai yi ba. Sauri yake, za a fara ƙwallo.

"Kai, Allah ya mayar da alheri," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Amma fa Malam, a ƙasan manhajar mun rubuta da manyan baƙaƙe: babu garanti. Kuma ko sisi ba mu karɓa ba."

"Wannan gaskiya ne." Mai aski ya karkaɗe injin tsaf, ya ɗora masa a cinya. "Askin yau kyauta ne."

"Haba dai!"

"Wallahi. Don al'umma. Ga inji, ga madubi, komai a buɗe. Duk wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa."

Masu jiran layi a kan benci suka bushe da dariya. Injiniya ya dubi madubi: gefe guda ƙwal, gefe guda daji, ga shi bai fito da hula ba. Kunya ta rufe shi, ba ta askin kaɗai ba.

Ya jawo kwamfutarsa daga jaka, ya sake buɗe rahoton. Mutum goma sha tara sun yi rubutu a ƙasa. Na ƙarshen cewa kawai ya yi: akwai kowa a nan kuwa?

Ya fara buga musu amsa. Mai aski ya taɓa kafaɗarsa.

"Koma benci ka yi, Injiniya. Kujera ɗaya gare ni."