Mai Jin Kukan Birki

Shekara goma sha ɗaya maigidanta yana tuƙa injin ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa, kuma duk tashar shi kaɗai ya san halin injin. Akwai wani ɗan kuka da yake yi kafin birki ya saki, sai mai kunne ke ji. Maigida ya ƙi koya wa kowa. In ta yi masa tsiya sai ya ce ai wayo ke nan, ta ina za a kore shi?

Ba a kore shi ɗin ba kuwa. Babbar ƙasar da ta gina musu tashar ta sake shawara, ta ga kayanta za su fi saurin isa ta wata gaɓar can nesa. Ba wanda ya tambayi ƙaramar ƙasarsu. Aka kwance injinan aka loda a jirgi, aka haɗa da mai jin kukan birki kamar wani sifana. Wata shida kawai, in ji su.

Yau shekara uku. Ciyawa ta cinye filin kwantena, masu abinci a bakin ƙofa sun watse. Ita kuwa kewa ta ishe ta. Har yanzu takan zuba ruwan shayi na mutum biyu, sai ta tuna. Takalmansa na aiki suna bayan ƙofa, ta share ƙarƙashinsu ta mayar da su yadda suke. Surukarta ta gaji da tambayar yaushe ɗanta zai dawo.

Ran Asabar da hantsi maigidan ya kira ta a waya, tana tsaka da shanya. Ta saurari labarin zafi da na abincin can marar gishiri, sannan ta faɗi abin da ta daɗe tana juyawa a ranta.

"Baban yara, don Allah ka koya wa wani kukan nan, su sake ka ka dawo."



"Na koya wa mutum biyu," ya ce. "Tun bara."

"To me ya riƙe ka?"

"In na dawo, me zan ɗaga?"

Daga wajen igiyar shanya ana hango tashar. Ta duba, ko kwalekwale babu. Ta matse rigar da ke hannunta, ta ce masa ya riƙa sa gishiri a abincinsa.