Mahaɗar Salansa

Makaniken ya hura iska cikin salansar ƙaramin jirgin saman, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututun. Kumfa ta taso, nan hayaƙi ke zurarewa. Ya canza zoben mahaɗar da ya cinye. Ƙanwarsa ce za ta tuƙa jirgin gobe, sai ya yi ta tamke notin iya ƙarfinsa.

"Yaya," in ji ta daga bayansa, "ba kai ka ce ƙarfe in ya ɗau zafi motsi yake so ba? In ka matse shi haka, a sama zai tsage."

Ya dubi notin, ya dubi ƙanwarsa. Tun rasuwar mahaifinsu haka yake riƙe da ita.

A hankali ya juya sifanar baya, ya sassauta.