Bayan da Ya Ƙi Goyo

Daren jiya wani mafarki na yi. Na tsinci kaina a garin da mutane ke cire bayansu su shanya a igiya kamar wanki. Nawa ne kawai ya ƙi ciruwa. Ciwon ƙugun nan da ya hana ni goya ɗana Sagiru tun ranar suna, shi ma ya biyo ni, yana tafe a gefena sanye da silifa.

Ruwan sama na tashi daga ƙasa zuwa gajimare, sai na faɗa asibiti kada zanena ya jiƙe. Likitar akuya ce, da farar riga, tana tuƙa.

"Maman Sagiru, kin sha ƙwayoyi?"

"Har sun san hanyar cikina da kansu."

"Tausa fa? Gashi da ruwan zafi?"

"Duk an yi. Katifa ma na bar ta, na koma tabarma."

"To nan mun daina ba da magani. Motsa jiki, sai wannan."

Ta ɗaura mini wani ƙaton tabarau mai rufe ido ruf, irin wanda ke nuna wa mutum wata duniya.

Sai ga ni a bakin kogi. Na sunkuya, ba ciwo. Na miƙe, ba ciwo. Ga Sagiru zaune a kan yashi. Na saɓa shi a baya, na ja zane, na ɗaure majanyi, na yi ta tafiya. Amma ba nauyi, ba ɗumi, ko miyau bai jiƙa mini riga ba.

"Likita, yaron nan ba ya numfashi."

"Hoto ne, baiwar Allah. Na gasken yana waje, a bayan maƙwabciyarki Lantana. Ya ƙara barci a can, shi ke nan, bayanta zai sani."

"Cire mini."

"Ciwon na bakin ƙofa yana jiranki. Har kujera an ba shi."

"Cire."

Tana cirewa, sai ga ni a tsakar gidanmu. Ciwon ya cire silifansa, ya haye ƙuguna. Na durƙusa a hankali, gwiwa tukuna, na ce, "Lantana, ɗora mini shi."

Ƙafar Sagiru ta taɓa ni, da ɗuminta. Ya shinshina wuyana. Sai ya juya, ya miƙa wa Lantana hannu biyu.

Dum. Dum. Dum.

Na buɗe ido. Taɓarya ce. Ta taga na hango Lantana tana dakan gero, Sagiru na barci a bayanta, kansa na lilo da kowane bugu.