Sandar Baba

Duk shekara, da an gama kai gero rumbu, Baba Jatau yakan ce a kai shi kan dutsen Kwatarkwashi ya zauna a kufan gidan da aka haife shi. Wannan kuwa tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau ne. Idanunsa sun daɗe da mutuwa, don haka ni Hanatu, babbar 'yarsa, nake riƙe bakin sandarsa, shi yana riƙe da gindi. Idan muka kai, sai in tsaya in faɗa masa abin da nake gani: kwarin nan shimfiɗe har ƙarshen ido, rafi yana walƙiya, shanun Fulani suna kiwo a cikin karan dawa. Shekara bakwai ina yi, ban taɓa jin ya ce sannu ba, ban kuma damu ba.

Sai ga ƙanwata Luba ta zo ganin gida daga Gusau, inda take auren wani malamin ofis. Ta zo da takalmi ja da ƙamshin turare, Baba ya yi ta washe baki kamar an ba shi sarauta. Ranar tafiya na miƙa hannu, sai ya kau da sandar.

"Bari Luba ta riƙa bana," in ji shi. "Ta daɗe ba ta ga garinmu ba."

Wallahi sai da na ji zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Ni da ƙaya ta gama cinye wa ƙafa a wannan hanya, yau ni ce mai ɗaukar gora a baya!

A gindin wata tsamiya hanya ta rabu biyu. Ta dama matsattsiya ce, amma ita ce ke kaiwa kufai. Ta hagu mai faɗi ce, ta masu itace, zagaye kawai take yi ta mutu a bayan dutse. Luba ta dubi takalminta, ta bi hagu. Na buɗe baki, na rufe. Na ce a raina, bari 'yar birni ta nuna mana iyawarta.

Muka yi ta tafiya har rana ta take. Luba tana ta ba shi labarin kasuwar Gusau, yana dariya, ni kuwa kowace dariya kamar an watsa mini barkono. Can numfashinsa ya fara sarƙewa. Muka zaunar da shi a inuwar wani falalen dutse, babu abin da ke gabanmu sai ƙaya da duwatsu.

Luba ta fashe da kuka. "Yaya, na ɓata hanya ko?"

Na sauke gora na miƙa wa Baba. Baba ya sha ruwa, ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye.

"Hanatu, mi kika gani?"

"Babu komai, Baba."

"Na sani. Tun da munka wuce tsamiya ƙahwata ta gaya mani mun bar hanya. Na yi kurum ne ina jiran in ji muryakki, ɗiyata."

Muka sauko da shi a hankali, ni a dama, Luba a hagu. Na yi masa alkawari baɗi da kaina zan kai shi, ya ce to, Allah shi kai mu.

Bai ga kaka ta gaba ba. Sandar tana nan jingine a ɗakina, Luba ce ta ce ni ta fi dacewa da ita.