Littafin Dakta Ya Yi Kaska

Shekara talatin da huɗu Dakta ya yi yana duba dabbobi. Ya yi wa shanu allura, ya ɗinke cikin karnuka, ya ɗora ƙafar doki, har aku ya taɓa yi wa maganin mura. Da ya yi ritaya sai ya ga bai kamata duk wannan ya bi shi kabari ba, ya ce littafi zai rubuta. 'Yarsa ta aiko masa da kwamfuta, ya ja teburin cin abinci kusa da taga, ya kori kwanuka daga rabinsa, ya zauna. Cikin wata bakwai, da yatsu biyu kacal, ya rubuta babi goma sha huɗu.

Matarsa kuwa shekara ashirin da tara ta yi tana buga takardu a ofis, tun zamanin tafireta har aka koma kwamfuta. Shi ya sa yake kiranta Sakatariya, musamman in yana jin tsokana. Ranar da ya fara, ta tsaya a bayansa ta ɗan kalli yadda yake yi, ta ce, "Dakta, akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi."

Bai ko waiwayo ba ya ce, "Sakatariya, mutumin da ya juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa da hannu ɗaya, shafin takarda ba zai gagare shi ba."

Ta ce to, ta koma kujerarta ta ɗauki saƙarta.

Ga yadda Dakta yake yi. In babi ya ƙare a tsakiyar shafi, sai ya ɗora yatsa a kan Enta, babban maɓallin nan mai sauko da layi, ya yi ta bugawa har rubutu ya gangara sabon shafi. In kuma zai sa taken babi a tsakiya, sai ya bugi dogon maɓallin tazara sau ashirin da uku, yana ƙirgawa a fili, sannan ya jingina ya runtse ido ɗaya ya ga ko ya daidaita. Da haka kowane babi ya samu shafinsa, kowane take ya zauna a sama cif, Dakta yana kallonsu kamar garken da ya yi wa rigakafi da hannunsa.

Wata Talata da hantsi yana gyaran babi na sha huɗu sai ya tuna jakin farko da ya yi wa magani kunne ɗaya gare shi. Ya haura babi na ɗaya ya ƙara layi biyu. Da ya dawo ƙarshen littafi, sai ya tarar taken babi na sha huɗu ya sauko daga mazauninsa. Ya goge layi biyu a samansa, take ya koma. Ya haura na sha uku, shi ma ya sauko, ya gyara. Ya leƙo na sha huɗu don ya ji daɗi, sai ya ga ya yi tsalle ya maƙale a gindin shafin baya. Haka ya yi ta bi daga ƙarshe zuwa farko, duk wanda ya gyara sai ya ɓata na bayansa, har shayinsa ya huce aka ɗauke aka kawo wani, shi ma ya huce.

Kwana biyu kafin ya gane daga farko ya kamata ya faro. Ko da ya gane ma bai tsira ba, saboda hotuna. Akwai hoton wani farin doki a babi na takwas wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya tsallaka shafi na gaba, ya bar fili fetal a bayansa, ya tura babi shida ƙasa.

Sai Dakta ya kafa doka: duk layin da zai shiga littafi, dole wani layin ya fita. Ya tuna sunan malaminsa na farko, ya cire ruwan saman da aka yi ranar da ya kama aiki. Ya tuna wata saniya da ta haɗiye igiya, ya rage bayanin aurensa. Daga baya ma ya fara tsoron tunawa. In Sakatariya ta ce, "Ka tuna ranar da..." sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ki tuna min. Shafukan nan yanzu suka kwanta."

Wata rana ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Na ga aurenmu ya koma layi ɗaya da rabi."

"Magana ce mai nauyi, ba ta buƙatar tsawo."

"Saniyar kuma shafi uku."

"Ita ai rashin lafiya ta yi."

Ana cikin haka Yaya ta zo. Ita ce babbar yayarsa, ta ba shi shekara takwas, kuma duk furfurar da ta rufe masa gemu Auta take kiransa. Ta ajiye sandarta, ta sa aka karanta mata babi na ɗaya, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Auta, ina ranar da ka cusa ƙwayar wake a hanci na goya ka har asibiti?"

"Yaya, babu wuri."

"Na'urar da aka ce tana ɗauke littafi dubu ita ce ba ta da wurin ƙwayar wake?"

"Wuri akwai. Amma kina shiga babi na ɗaya, doki zai faɗa babi na tara."

Yaya ta ƙare masa kallo. Ta juya wajen matarsa, wadda har yanzu take kira Amarya bayan shekara kusan arba'in, ta rage murya ta ce, "Amarya, yana shan maganinsa kuwa?"

Ta tafi ranar ba ta ko taɓa abincin da aka kawo mata ba. A bakin ƙofa ta ce wanda ya manta bayan da ya goya shi, ba ta ga abin da zai tuna na kirki ba.

Abin ya tsaya wa Dakta a rai. Washegari ya zauna yana neman inda zai matse layi huɗu don wake ya shiga, yana ta yawo da linzamin kwamfuta a saman allo, sai hannunsa ya goce ya danna wani abu. Nan take littafin ya cika da ƙananan baƙaƙen ɗigo, tsakanin kowace kalma da 'yar'uwarta. A ƙarshen kowane sakin layi kuma ga wata alama mai ƙafa biyu da ƙaton kai. A wuraren da ya bari fili, alamun sun jeru daga sama har ƙasa, ɗaya a kan ɗaya.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Suna nan. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Suna nan. Ya kai fuskarsa dab da allo ya yi musu kallon masani, ya ga ba sa motsi amma sun fi yawa a lungu, inda babu rubutu, kamar yadda abin yake yi a bayan kunnen saniya.

"Sakatariya," ya kira, muryarsa a sanyaye. "Zo ki gani. Littafin ya yi kaska."

Ta soke allurar saƙa a dunƙulen zare, ta taso ba gaggawa. Ta duba allo, ta duba mijinta, ta ja kujera ta zauna. Ya lura leɓenta na rawa, amma ta riƙe dariyar.

"Wannan ba kaska ba ce, Dakta. Sawun yatsanka ne. Kowane ɗigo, bugu ɗaya ne da ka yi wa maɓallin tazara. Kowace mai ƙafa biyun nan, bugun Enta ne. Da ma suna nan, ɓoye suke, ka danna abin da ke nuna su." Ta sa ƙarshen allura tana ƙirga waɗanda ke saman babi na biyar. "Talatin da ɗaya. Ita kwamfuta ba ta san kana son sabon shafi ba. Abin da ta sani, ka ce ta bar layi talatin da ɗaya, ta kuwa bari. In ka ƙara magana a sama, sai ta tura su ƙasa gaba ɗaya, da su da babin."

Dakta ya yi gyaran murya. "Haka na yi zato."

"Na sani," in ji ta.

Ba ta taɓa maɓalli ko ɗaya ba, shi ta sa ya yi. Ya goge alamun nan talatin da ɗaya, babi na biyar ya hauro ya manne da ƙarshen na huɗu. Ta ce ya danne ƙaramin maɓallin da ke kusurwar hagu, ya bugi Enta sau ɗaya. Babi na biyar ya tsallaka sabon shafi ya tsaya a sama.

"Yanzu ka gaya mata abin da kake so. Ƙara abin da ka ga dama a baya, shi dai a kan sabon shafi zai fara."

Bai yarda ba. Ya haura babi na huɗu ya rubuta layi uku na shirme, ya sauko da sauri. Babi na biyar yana wurinsa. Ya ƙara goma. Yana wurinsa. Ya jingina da kujera yana tuna watannin da ya yi yana kokawa da dokin nan.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ka ce ka juya ɗan maraƙi."

Ta nuna masa yadda ake ɗaure hoto a jikin sakin layinsa, da yadda ake zaɓen taken babi a danna masa salon take, ya koma tsakiya da kansa, ya yi kauri, ba ƙirgen ashirin da uku. Ta ce in ya yi wa kowane take haka, kwamfuta za ta tattara su ta haɗa masa shafin abubuwan da ke ciki, har da lambar shafi. Ta ce in ya gama ya bari ta duba.

Dakta kuwa girman kai ya riga ya dawo masa. Ya ce ta je ta huta, ya gane. Ya bi littafin a guje, duk layin da ya gani tsaye shi kaɗai da manyan baƙaƙe sai ya danna masa salon take, bai tsaya karantawa ba. Ya manta cewa tun yana rubutu yake barin wa kansa 'yan tunatarwa nan da can, su ma da manyan baƙaƙe. Ya saka labarin wake, ya haɗa shafin abubuwan da ke ciki, ya ga ya fito reras, ya buga littafin duka a firinta, ya aika a ɗauko Yaya.

Ta zo da fushinta. Ya miƙa mata takardun da hannu biyu ya ce, "Yaya, wake ya shiga. Duba shafin farko, komai da lambarsa."

Ta sa tabarau, ta fara karantawa a fili, a hankali, yadda ta saba. "Babi na Ɗaya, Gidanmu, shafi na uku. Babi na Biyu, Makaranta, sha ɗaya." Ta tsaya. Ta matso da takardar. "A sassauta nan kada Yaya ta gani, sha huɗu."

Dakta ya zabura. Ya miƙa hannu, Yaya ta kauda takardar ta ci gaba har ta iso kan na biyar. "Babi na Biyar, Aure, talatin da takwas. A tambayi Sakatariya shekarar aurenmu amma da dabara, talatin da tara."

Allurar saƙa ta tsaya.

"Kuskuren na'ura ne," in ji Dakta.

"Na'ura ba ta san sunana ba," in ji Sakatariya.

Yaya ta lashi yatsa ta buɗe shafi na sha huɗu. A nan Dakta ya rubuta yadda wata rana ta manta ƙofar garke a buɗe, awaki suka cinye lambun maƙwabci, ta ce Auta ne, aka zane shi, ya gudu ya ɓuya cikin awakin yana kuka, kuma tun ranar ya ji dabbobi sun fi mutane riƙon amana. Ta karanta har ƙasa. Dakta yana jiran ta ɗauki sanda ta tafi, wannan karon ba dawowa.

Ta ajiye takardar ta cire tabarau. "Wannan duk ba daidai ba ne. Na farko, tumaki ne, ba awaki ba. Na biyu, ban manta ba. Da gangan na buɗe."

"Da gangan?"

"Mutumin ya ƙwace min igiyar tsalle ya ƙi ba ni. Kai kuma ka zo wucewa." Dariya ta ƙwace mata har sai da ta riƙe gefen tebur. "Shekara sittin kana ganin mantuwa ce. Zauna ka rubuta yadda aka yi."

Ya zauna. Ta yi ta faɗa yana bugawa da yatsunsa biyu: launin igiyar, tsawon maƙwabcin, tunkiyar da ta fara shiga, yadda daga baya ta ɓoye masa rabin abincinta don ya daina kuka. Shafi huɗu suka ƙaru. Ya saci ido ya leƙa babi na uku, yana nan a saman shafinsa. Doki ma bai motsa ba.

"Akwai sauran wuri?" in ji Yaya.

Ya buɗe baki, ya kalli matarsa, ya rufe. "Akwai."

"To jibi zan dawo. Ban ba ka labarin ranar da ka faɗa kwatami ba, da na kazar da ka yi wa wanka ta mutu."

Bayan ya raka ta ya dawo, ya tarar Sakatariya ta goge tunatarwar nan daga jerin, ta bar kujerarta kusa da tasa. Ya zauna ya rage murya ya ce, "Babu yadda za a yi a ce wurin ya cika? Ko na sati biyu?"

"Babu."

"Ko dokin ya ɗan..."

"Na ɗaure shi." Ta tura masa kwamfutar gabansa. "Buɗe babi na biyar. Zan gaya maka shekarar, da watan, da abin da ka ce wa babana har ya yi maka dariya. Ka gyara zama, da ɗan tsawo."